Ku Tambayi Mama: Tafiyar bishara ta mako biyu, in je ko in zauna?

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bara na gama makaranta. Zumuntar matasan ikilisiyarmu ta shirya tafiya Jamhuriyar Nijar ta mako biyu, mu duba marasa lafiya kyauta, mu kuma yi bishara a ƙauyuka. Kuɗin da aka yanka wa kowa ya kusa albashina na wata biyu. Babana ya ce gara in ba da kuɗin a matsayin baiko a majami'a in zauna gida, ni kuwa zuciyata tana can. Yaya zan yi?
'Yarki daga Kafancan

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan zuciya. Amma kafin ki cire ko sisi, je wurin shugaban zumuntarku ki tambaye shi abu ɗaya: wa ya gayyace ku? Idan ya ambaci wata ikilisiya ko asibiti a can, ya kuma nuna miki takardar da suka rubuto suna cewa ga abin da suke bukata, to magana ta fara. Idan kuwa ya ce "in mun isa Ubangiji zai buɗe hanya", babanki ya fi ku gaskiya. Manzo Bulus ma sai da ya ga mutumin Makidoniya cikin wahayi yana roƙonsa ya haye ya taimake su, sannan ya kama hanya.

Na yi shekaruna ina jinya a wani asibitin mishan, kuma mu ne masu tarbar irinku. Akwai waɗanda sukan zo da kwalayen magani, rabinsa saura wata ɗaya ya lalace, su kafa rumfa a ƙauye su yi ta awon jini. Wata rana aka kawo mana wani dattijo, ɓarin jikinsa ya shanye. A aljihun rigarsa akwai 'yar leda wadda baƙi suka zuba masa maganin hawan jini na kwana goma sha huɗu, sunan maganin ma ba a rubuta ba. Ya shanye maganin, ya ɗauka ya warke, babu wanda ya gaya masa cewa wannan ciwo da shi za a zauna har ƙarshen rai. Su kuwa baƙin sun daɗe da komawa gida, sun nuna hotuna a majami'a, an tafa musu.

Akwai kuma wata mai ba da allurar barci a ɗakin tiyata da ba na mantawa da ita. Hutunta na shekara ta kawo mana. Ba ta zo da kwali ko ɗaya ba. Ta karɓi aikin dare, har ma'aikacinmu, wanda shi kaɗai ne gare mu a wannan fanni, ya samu ya je ganin mahaifiyarsa. Tana shan shayi da masu shara, tana tambaya kafin ta taɓa komai. Irinta muke addu'a Allah ya ƙaro mana.

Ki sani ba daji za ku faɗa ba. A Galmi, garin albasar nan da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, mishan ɗin SIM yana da asibiti tun 1950. A Danja kusa da Maraɗi akwai cibiyar da ta daɗe tana kula da masu ciwon kuturta. Akwai ikilisiyoyi da fastocinsu 'yan ƙasa. Su ne suka san wane hakimi ake fara gaisarwa, wane ƙauye ne ba a shiga da lasifika. Kiristocin Nijar ba su kai biyu cikin ɗari na mutanen ƙasar ba, kuma zamansu da maƙwabtansu Musulmi, waɗanda galibi dangi ne, abu ne da suka daɗe suna lallaɓawa. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Idan wani saurayi a cikinku ya ɗauki zafi ya yi wa'azin gatsali a kasuwa, ku za ku hau mota ku dawo, su ne za su kwana da abin. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Kada kuma a haɗa magani da sharaɗin sauraron wa'azi. Mara lafiya haƙƙinsa ne a duba shi, ko ya saurara ko bai saurara ba.

Aikin da ke tsayawa, lokaci yake ci. Toni Rinaudo, ɗan mishan daga Ostireliya, ya yi ta dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, gyaran tohonsu kawai ake bukata. Ya shafe shekaru fiye da goma bayan nan yana fama tare da manoma, kuma su manoman ne suka yaɗa abin har ya mamaye miliyoyin hekta. Mako biyu ba zai ba ki wannan ba. Zai dai nuna miki ko za ki iya zama a irin wurin nan, kuma wannan ma riba ce.

Idan gayyata ta tabbata, ki riƙe fasfo da katin allurar shawara, domin Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙa'idojin iyaka suna iya sauyawa. Takardar aikinki ta Najeriya ba ita ce izinin yin jinya a can ba, masu masaukinku ne za su nemo muku daga hukumar lafiya. Da Hausa za ki yi hira da kowa, amma katin asibiti da Faransanci ake rubuta shi. Maganar tsaro kuma a bi abin da 'yan gari suka ce. An sace wani ɗan mishan Ba'amurke a Abalak a 2016, sai 2023 ya kuɓuta. Kada ki ci bashi don wannan tafiya, kada kuma ki fita sai babanki ya sa miki albarka.

TAMBAYA: Mama, wani ya ce zai samo mini bizar aikin sa kai a wata majami'a a Ingila idan na biya shi, wai in na shiga zan sami aiki in zauna.
Ɗanki daga Zonkwa

AMSA: Ɗana, riƙe kuɗinka. Bizar aikin sa kai ta Ingila ba ta wuce wata goma sha biyu, ba a biyan albashi a kanta, kuma sai ƙungiyar da gwamnatin can ta ba lasisi ce za ta iya ɗaukar nauyinka. Wanda ya ce za ka zarce da ita ka zauna, ko dai yaudararka yake yi, ko yana koya maka ƙarya da sunan Allah. Idan da gaske hidima kake so, je ka ga fastonka ya haɗa ka da ƙungiyoyin da ke tura masu bishara, irin su EMS ta ECWA ko CAPRO. Idan kana da sana'a irin koyarwa ko jinya, gwamnatin tarayya tana da shirin TAC tun 1987, wanda ke tura 'yan Najeriya aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Ka kai wa fastonka lambar wayar mutumin nan tun kafin ya damfari wani.