Re: Ganuwar Kaitbai ta Iskandariyya, tsaro aka yi da ita ko ado ce?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ganuwar nan ta taɓa ganin yaƙi, ko don ƙawa aka gina ta. Lokacin da nake karatu a Masar na sha zuwa wajen, kuma wallahi ta ga yaƙi.

Sarki Kaitbai na daular Mamluk, mai mulkin Masar a lokacin, shi ne ya sa aka fara gininta a 1477, a bakin tashar jiragen ruwa ta gabas, daidai inda tsohuwar hasumiyar fitila ta Faros take kafin girgizar ƙasa ta rusa ta. Dalilinsa a fili yake. A 1365 sarkin tsibirin Kubrus ya shigo ta teku ya wawashe garin, ga kuma Turkawan Usmaniyya suna ƙara ƙarfi. Duk jirgin da zai shiga tashar sai ya bi ta bakin bindigoginta.

Idan ka je, kada ka yi saurin hawa sama. Tsaya a ƙofar babban ginin ka dubi manyan jajayen duwatsun da aka jera a wurin. Masana na ganin daga rusasshiyar hasumiyar aka ɗauko su. Ciki akwai ƙaramin masallaci, ga tagogi ƙunci daga waje, faɗi daga ciki, yadda mai harbi zai juya ba a gan shi ba. Iskar da ke shigowa ta nan sai ka riƙe hularka.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne 11 ga Yuli, 1882, zamanin boren Ahmad Urabi, wani hafsan sojan Masar. Jiragen yaƙin Ingila, a ƙarƙashin Admiral Seymour, suka wuni suna yi wa ganuwoyin garin luguden wuta. Muhammadu Ali, wanda ya mulki Masar kafin nan, ya gyara ganuwar Kaitbai ya ƙara mata igwa tun da farko, amma katangar dutse ba ta iya da jirgi mai sulken ƙarfe. Sojojin Masar sun mayar da wuta iyakar ƙarfinsu, duk da haka ta lalace ƙwarai, daga nan kuma Turawa suka mamaye ƙasar.

Yawancin tsaftar da za ka gani a jikin bangon, gyaran baya ne. Ka je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin, ka kuma tafi da katinka na ɗalibi, ana rage kuɗin shiga.