Yarona yana kumbura idan ya ci ƙuli-ƙuli

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa uku. Sau biyu ke nan yana cin kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli, kafin a ɗauke kwano leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini. Kakarsa ta ce in riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ki gwada wannan a gida. Na san Hajiya alheri take nufi, amma abin da kika bayyana ya yi kama da jikin da ba ya karɓar gyaɗa. Garkuwar jikinsa ce take ɗaukar gyaɗar a matsayin abokiyar gaba, sai ta saki sinadarin histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, galibi cikin mintuna zuwa awa 2. Kumburin da ya tsaya a leɓe jiya yana iya sauka maƙogwaro gobe.

Maganar Hajiya tana da tushe, lokacinta ne ya wuce. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna fara ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da matsalar da kusan kashi 80 cikin 100. Rigakafi ke nan, ga yaron da bai riga ya kamu ba. Naki sai likita ya gan shi, ya ji labarin, ya yi gwajin fata ko na jini idan da hali.

Wahalar a ƙasar Hausa ita ce gyaɗa tana ɓuya. Tana cikin yajin tsire da kilishi, da kunun gyaɗa, da miyar taushe, da man gyaɗar da ake matsewa a gida. Har abincin leda da ake ba yara masu tamowa da ita ake yi. Cokalin da aka juya kwaɗo da shi ma ya isa. Ki faɗa wa maƙwabta da malaman Islamiyya da yayyensa, domin yaro ɗan shekara uku duk abin da aka miƙa masa baki zai kai.

Idan ƙaiƙayi ne kawai a fata, Piriton yana taimakawa bisa awon da likita ya ba ki. Amma da zarar kin ji numfashinsa yana fito, ko muryarsa ta dishe, ko harshe ya kumbura, ko yana ta amai, ko jikinsa ya saki, to babu maganin da ya wuce allurar adiranalin a cinya. Ku nufi asibiti nan take. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi tafiya da ƙafa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ne ke masa wuya a zaunar da shi. Ko ya warware a bar shi a asibitin na wasu awoyi, don abin yakan dawo.

Yaran da jikinsu ba ya karɓar madara ko ƙwai da yawa suna warkewa idan sun girma. Ta gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da ita, kuma a gaban likita ake tabbatar da hakan.