Yadda ake gano abin da ke motsa cinikin giyar inabi

Tambaya: Ina karatun ƙididdiga. An ba mu bayanan cinikin giyar inabi na wani kanti a Ingila, aka ce mu gano abin da ke sa cinikin hawa da sauka. Ta ina zan fara?

Amsa: Fara da jera bayanan mako-mako, na aƙalla shekara biyu, don kowane wata ya zo sau biyu. Kowane layi ya nuna irin giyar, farashin kwalba, kwalabe nawa aka sayar, ko an yi ragi a makon, da zafin gari. Makon da kaya suka ƙare a kanti ka cire shi, domin sifilin da ke wurin rashin kaya ne.

Sai ka yi rigireshan, wato lissafin da ke auna yadda kowane abu ke shafar ciniki, da logaridim ɗin farashi da na yawan kwalabe (logaridim na sa a karanta canji a matsayin kashi cikin ɗari). Idan lambar da lissafin ya ba farashi ta fito -2, ragin kashi 10 yana ɗaga ciniki da wajen kashi 20.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne Disamba. Kantuna na yin ragi gab da Kirsimeti, lokacin da ko ba ragi mutane za su saya. In ba ka ba kowane wata gurbinsa a lissafin ba, ragi ne zai kwashe ladan da bikin ya jawo, lambar ta kumbura, ka ba mai kanti shawarar da za ta ci masa riba. Ka duba kuma makonni biyu zuwa uku bayan ragin. Sau da yawa ciniki yakan faɗi, saboda masu saye sun tara a gida. Wani ɓangare na ƙarin da ka gani cinikin gobe ne aka yi yau.

Ka tambayi mai kantin abin da ba a rubuta ba, kamar sauya wa kwalabe wuri a kanta. A 1997 masu bincike na Jami'ar Leicester sun nuna cewa ranar da aka kunna kiɗan Faransa a wani kanti, giyar Faransa ta fi tafiya, ranar kiɗan Jamus kuma ta Jamus.

Kafin ka miƙa aikin, ware makonni 12 na ƙarshe, ka gina lissafin ba tare da su ba, sannan ka gwada hasashensa da ainihin cinikin makonnin.