Amsa kan danshin bargar katako

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce gindin katakon bargarka ya yi baƙi ya fara ruɓewa, da safe kuma ruwa na ɗiga daga rufi ko ba a yi ruwan sama ba, shi ne kake son shafe ko'ina da fentin mai ka toshe kafofin iska. Don Allah dakata da fentin nan tukuna. Katakon da ya riga ya sha ruwa, in ka lulluɓe shi da fenti ruwan ka kulle a ciki, zai ci gaba da ruɓewa kana ganin sheƙi a waje.

Na daɗe ina kiwon dawakai a bargar katako, kuma ɗigar safen nan ba yoyo ba ce, kwano ne ke zufa. Numfashin doki da guminsa da fitsarin da ke cikin shimfiɗa su ke cika iskar ɗakin da laima mai ɗumi. Tana tashi sama ta tarar kwano ya yi sanyi cikin dare, sai ta koma ruwa ta sauko. To ka ga toshe kafofi ƙara wa wuta fetur ne. Buɗe wuri za ka yi can sama ƙarƙashin bakin rufi ta ɓangarori biyu, da wani a ƙololuwar rufin, rabin ƙofa na sama kuma a bar shi a buɗe. Masana gina barga suna so iskar ciki ta sauya sau 4 zuwa 8 a awa. Doki ya fi jure sanyi a kan zarni. Gobe da sassafe ka shiga ka tsuguna daidai inda hancinsa yake idan ya kwanta. In zarni ya yi maka yaji a ido, shi ya shaƙa daren nan gaba ɗaya, kuma daga nan tari ke farawa. In da hali a sa silin ko allo a ƙarƙashin kwanon.

Gindin bango kuwa ta hanya uku yake jiƙewa. Akwai damshin ƙasa idan katako na zaune kai tsaye a kanta, akwai ruwan rufi da ke zuba yana fantsama, sai fitsari, wanda mutane ke rainawa alhali dokin da ya kai kilo 500 na iya yin lita 10 ko fiye a rana. Don ka gane ko daga ƙasa ne, manna leda a busasshen daɓe da salatif ta kwana. Jiƙa ta ƙarƙashinta na nufin ruwa na tasowa daga ƙasa, ta samanta kuwa laimar iska ce.

Aikin da na ga ya ɗore shi ne kafinta ya tokare ginin ya yanke duk inda sukundireba ke nutsewa cikin sauƙi har sai an kai lafiyayyen katako, magini ya jera bulo ya ɗaga katakon aƙalla santimita 15 daga ƙasa, da leda mai kauri a tsakani. A sa indararo ya kai ruwa nesa da bango. Daɓe ya ɗan gangara zuwa magudana, kamar santimita 1 a kowane 80 ya isa. Naman gwarin da ke ruɓar da katako ba ya samun wurin zama idan laimar katakon ta tsaya ƙasa da kashi 20 cikin 100, don haka a bari ya bushe sosai kafin a shafa masa magani. Baƙin man inji kam kar ya shiga ciki, dawakai suna gaigayar katako.

In kana da tabarmar roba a daɓe, riƙa ɗaga ta, fitsari na taruwa a ƙasanta ba ka sani ba. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a kwashe kullum, ingirici kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango don kar ya yi fumfuna. Duba kofaton dokin ma: in tsagin tsakiyarsa na wari yana fitar da baƙin ruwa, ko tari ya ƙi tsayawa, kira likitan dabbobi kar ka jira a gama gyaran barga.