Amsa ga tambaya kan hawan jini bayan tafiya ga mai toshewar jijiyoyin ƙafa

Hajiya, kin tambaya ko mahaifinki ya daina tafiyar da likita ya ɗora shi a kai saboda toshewar jijiyoyin jinin ƙafarsa, tunda duk lokacin da kika auna shi da dawowarsa sai ki ga lambar sama ta haura sosai. Ni ma da wannan lalura nake zaune shekaru da dama a nan unguwar Aboabo ta Kumasi, kuma shawarata ita ce kada Baba ya daina, sai in likitansa ne ya ce.

Jinin kowa yakan hau yayin motsa jiki, amma namu ya fi na mai lafiya hawa, kuma da dalili. Idan jinin da ke isa tsokar sharaɓa bai wadatar ba, abubuwan da tsoka ke fitarwa lokacin aiki sukan taru, jijiyoyin saƙo da ke cikinta su kai labari ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa zuciya ta ƙara bugu, ta kuma tsuke hanyoyin jini a sauran jiki. Shi ya sa hawan yakan zo tare da ciwon sharaɓa, ya kuma sauka idan an huta. A daidai lokacin da awon damtse ke hawa, na idon sawu faɗuwa yake yi, domin jini ba ya wuce wurin da ya toshe da ƙarfin da ake buƙata. Likitoci kan yi lissafi su raba lambar awon idon sawu da ta damtse, kuma sakamakon 0.90 ko ƙasa da haka alama ce ta cutar. Ki tambaya a babban asibiti irin Komfo Anokye ko an yi masa wannan gwaji.

Awon da ya fi muhimmanci a ganina shi ne na kafin fita, bayan ya zauna minti 5 a natse. Idan ya kai 180 bisa 110, ya fasa tafiyar ranar, a tuntuɓi likita. Na bayan dawowa kuwa, kada ki auna yana haki. Ki bari ya huta, ki ga ko lambar tana komawa inda take.

Tsarin da aka saba bayarwa shi ne minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, aƙalla mako 12: ya yi tafiya har ciwon ya matsa matsakaici, ya tsaya ya lafa, sannan ya ci gaba. Ni bayan asuba nake fita, kafin rana ta yi zafi, a hanya mai wurin zama, ba cikin cunkoson kasuwar Kejetia ba. Taba kuwa, in yana sha, ita ce farkon abin bari.

Amma ciwon ƙirji, jiri, ƙarancin numfashi, ciwon ƙafa yana kwance da dare, ko gyambon da ya ƙi warkewa, musamman in yana da ciwon suga, waɗannan ba na jira ba ne, asibiti za a kai shi nan take. Ki riƙa rubuta lambobin kafin fita da na bayan hutu a littafi ɗaya, ki kai wa likita ranar ganinsa, domin da su zai duba ko maganin hawan jinin na buƙatar gyara.