Direban tirela ne ni a cikin gida, an yi mini tayin aikin ƙetare iyaka: me zan shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne, na daɗe ina jigila tsakanin Kano, Legas da Fatakwal. Wani mai motoci ya nemi in koma wajensa. Motocinsa suna shiga Nijar da Ghana, wani lokaci har Kamaru, kuma ya ce kuɗin ya fi wanda nake samu yanzu. Ban taɓa ƙetare iyaka da mota ba, ba na jin Faransanci, ga iyali. Me ya kamata in tanada, kuma kuna ganin in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka karɓa, amma kada ka yarda a tafiyarka ta farko a ce kai ne mai riƙe da makulli. Wanda ya sha titin Mokwa da Jebba da lodi, ya kwana a layin Apapa, ba titin Dosso ko na Tamale ne zai koya masa sitiyari da birki ba. Duk ƙasashen da ka ambata a hannun dama ake tuƙi kamar mu; Najeriya ta koma dama a 1972, Ghana kuma a 1974. Abin da zai zame maka baƙo shi ne takarda. A gida idan takarda ta samu matsala, waya ɗaya ga maigida ko ga ƙungiya, an yi magana, ka wuce. A ƙetare, kai ne maigidan, kai ne ƙungiyar, kai ne kuma za a tsare tare da motar.

Bari mu fara da naka na kanka. Ka yi fasfo cikakke. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90, amma Kamaru da Chadi ba sa cikinta, Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a 2025, don haka kada ka dogara da ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS kaɗai. Ka tabbata lasisinka na rukunin G ne, wato na tirela, kuma da sauran kwanansa masu yawa, sannan ka haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa, domin jandarma a ƙasar Faransanci shi ya fi saurin ganewa. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda direbobi ke cewa yalo kat. Ka je a yi maka allurar da gaske, kada ka sayi katin a tasha. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Sunan da ke fasfo, da na lasisi, da na katin nan, su zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mamman a can, ya isa a ajiye ka yini guda a shinge.

Na mota kuwa alhakin maigida ne ya yi su, amma alhakinka ne ka duba su da idonka kafin ka tayar. Inshorar gida ba ta ƙetare iyaka. A ƙasashen yammacin Afirka akwai katin inshorar da aka kafa a 1982, Brown Card a bakin masu Turanci, Carte Brune a bakin masu Faransanci. Idan Kamaru ko Chadi ka nufa, can nasu daban ne, Carte Rose. Duka biyun abin da suke biya shi ne ɓarnar da ka yi wa wani. Ba su san da motarka ba, ba su san da kayan da ka ɗauko ba. A bakin iyaka kuma duwan, wato kwastan na ƙasashen Faransanci, za su ba motar takardar shiga ta ɗan lokaci, lesefase, mai wa'adi. Ranar da wa'adin ya cika motar tana cikin ƙasar, ta zama motar da aka shigo da ita ba bisa ƙa'ida ba. Ka rubuta ranar a inda za ka riƙa ganinta. Ka kuma nemi takardar da maigida ya sa wa hannu cewa ya ba ka izinin fita da motar, tunda ba sunanka ne a takardun mallaka ba.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa. Abin da ke cikin mota dole ya zama shi ne abin da ke cikin takarda, ba ƙari ba ragi. Kayan da ke ratsa wata ƙasa zuwa wata, kamar kwantenar da aka ɗauko daga tashar Lome ko Tema za ta Yamai, ba a biya musu haraji a ƙasar da suke ratsawa ba. An ba da lamuni ne cewa za su fita. Shi ya sa ake ɗaura hatimin kwastan a ƙofa, a rubuta hanyar da za ka bi, da ofishin da za ka fita, da kwanakin da aka ba ka, a wasu ƙasashen har a maƙala wa motar na'urar bin sawu. Ka kauce hanya don gaida ɗan'uwa a wani gari, a wajensu karkatar da kaya ka yi. Hatimi ya tsinke saboda gargada ko haɗari, kada ka matsa ko taku ɗaya sai jandarma ko duwan mafi kusa sun zo sun rubuta abin da ya faru sun sa tambari.

Sai saƙo. A hanyar Legas ka saba a ba ka buhu biyu ko kwali uku ka samu na cefane, ba wanda ya ɗauke shi laifi. A ƙetare wannan al'ada ita ce ta fi kai direbobi kurkuku. Kwalin da aka ce maka magani ne ko kayan gyaran babur, idan aka buɗe aka tarar da tiramol, wanda ya ba ka ya kashe waya, kuma kotun ƙasar da ba ka jin harshenta ce za ta yi maka shari'a. Ka hana yaron motarka ma karɓa, domin duk abin da aka samu a motar, direba ake tambaya. Haka wajen dawowa gida: shinkafar waje ta kan iyakar ƙasa haramtacciya ce a Najeriya tun 2016, motocin sayarwa kuma tun farkon 2017. Buhu biyar da ka ɓoye ƙarƙashin tamfol na iya jawo a ƙwace tirelar mutum gaba ɗaya.

Lodi ma sai ka sake lissafi. Ƙasashen sefa na yamma suna da dokar da suka yi a 2005, wadda aka fi sani da doka ta 14. A rubuce, gatari guda mai tayoyi biyu-biyu ba zai wuce tan 12 ba, tirela mai gatari shida kuma iyakarta tan 51, nauyin mota da kaya a haɗe. Tarar wuce kima ga motar da ke jigila tsakanin ƙasashe sefa 60,000 ce kan kowane tan, kuma suna da ikon sa ka sauke rarar a wurin. Ghana ma tana da sikelinta a kan hanyar Tema zuwa Paga. Kamasho zai ce ka ƙara, ai ana wucewa. Wani lokaci ana wucewa, amma ranar da ba a wuce ba kamasho yana gida. Kafin lodi ku yi magana da maigida a fili: idan sikeli ya kama, wa zai biya?

Wannan ya kawo mu kan kuɗin da ya ce ya fi. Ya fi a kan tafiya ɗaya, gaskiya ne, amma tafiya nawa za ka yi a wata? Daga Kwatano ta Benin zuwa Yamai bai fi kilomita dubu da 'yan kai ba, daga Duwala ta Kamaru zuwa Njamena kusan 1,800, tuƙin kwanaki kaɗan ne. Abin da ke cin lokaci jira ne: jiran lodi a tasha, jiran ejan ya gama takardu, jiran rakiya, jiran a sauke. Idan yarjejeniyarku kuɗin tafiya ce kawai, duk kwanan da ka yi a bakin iyaka daga aljihunka kake ci. Ka nemi albashin wata tsayayye, da kuɗin abinci na kowace rana tun daga fita har dawowa, da kuɗin hanya daban wanda ba za a cire daga naka ba. A rubuta, a gaban shaidu daga ƙungiya. Ka tambaye shi kuma: idan aka tsare mota ko na kwanta ciwo a Kumasi, wa zan kira, wa zai zo? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, don haka ka nemi direbobinsa na da, waɗanda suka bar aikin, ka ji yadda ya yi da su ranar da abu ya ɓaci.

Ka tambayi batun lodin dawowa ma. Motar baƙo ba ta da izinin ɗaukar kaya daga gari zuwa gari a cikin wata ƙasa. A manyan tashoshin ruwa kuma akwai rabon kaya tsakanin ƙasashe: na Nijar da ke sauka a Kwatano an saba ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku, na Benin kashi ɗaya, na Chadi a Duwala kashi 65 na motocin Chadi ne, 35 na Kamaru. Mota mai lambar Najeriya ba ta da gurbi a wannan layi. Idan maigidanka ba shi da 'yan kasuwar da suka saba ba shi albasa, wake, goro ko dabbobi na dawowa, fanko za ka riƙa komowa, ribar da ake faɗa ta ragu da rabi.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan aiki yana hannun siyasa. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019. Seme, Illela, Maigatari da Mfum ba su buɗe ba sai Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa har watan Maris na 2024, motoci suka yi watanni a jere, albasa ta ruɓe a kansu. Gadar Malanbil da Gaya, wadda ta haɗa Benin da Nijar, ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar bayan ECOWAS ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba mata, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Hanyar nan ba ta wasa ba ce; a Janairun 2025 an sace direbobi huɗu 'yan Maroko a tsakanin Dori da Tera, sai a watan Agusta aka sako su. A Mali kuma tun Satumbar 2025 'yan bindiga suka riƙa ƙona tankokin mai da ke shigowa daga Senegal da Kwaddibuwa. Nijar, Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka kafin kowace tafiya ka kira ofishin ƙungiyar direbobi da ke bakin iyakar ka ji takardun da ake karɓa a wannan makon. Kana da 'yancin ka ce ba za ka bi wata hanya ba, kuma gara ka faɗi haka tun kafin ka karɓi aikin. Inda aka ce a jira ayari, ka jira ayari.

Faransanci kada ya tsorata ka. Daga Maraɗi zuwa Ƙonni, Gaya, zangon Kumasi, Garwa da Ngaundere, Hausa za ta ciyar da kai ta nemo maka bakanike. Abin da za ka koya shi ne ƙirga, da ranaku, da sunayen takardunka, da gaisuwa, saboda jami'in can yana son a gaishe shi kafin a miƙa masa takarda. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka ba. Duk tarar da aka ce ta hukuma ce, ka nemi rasit. Sefa iri biyu ce, ta yamma da ta tsakiya; darajarsu ɗaya amma ta Nijar ba ta sayen abinci a Kamaru. A kasuwar Nijar kuma da dala ake ƙirga, sefa biyar ke nan, idan aka ce maka ɗari ana nufin sefa 500, jaka kuma 1,000.

Ka roƙi maigidan ya haɗa ka da gogaggen direbansa ka bi shi a matsayin na biyu, ko da kuɗin bai kai ba, har sai ka ga shiga da fita da idonka, ka san ejan ɗin da suke aiki da shi, da inda ake kwana lafiya. Bayan nan ka fara da gajerar hanya, Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya ko Sakkwato zuwa Ƙonni ta Illela, kafin a tura ka Ghana ko Kamaru. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka bar kwafi a gida. Iyali kuma ka shirya da maigida ya riƙa ba su wani kaso na albashin kai tsaye duk wata, ka bar musu lambarsa da ta wani direban da kuke tafiya tare, domin layinka na gida zai iya ɗaukewa da zarar ka ƙetare. Allah ya tsare hanya.