Abin da Sharifin Makka ya riƙe a hannunsa lokacin da ya yi wa Turkawa tawaye

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi 'yan zaure ko gaskiya ne Turawan Ingila sun rattaba hannu a kan yarjejeniya da Sharif Husaini na Makka cewa za su ba shi mulkin ƙasashen Larabawa idan ya juya wa Daular Usmaniyya baya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma idan haka ne, me ya sa ba su cika ba. Na yi shekaru ina koyar da wannan babi a aji, kuma na karanta takardun da Larabci da Ingilishi, don haka zan faɗa maka abin da na fahimta.

Abin da nake fara gyara wa ɗalibaina shi ne kalmar yarjejeniya kanta. Sharif Husaini bai taɓa riƙe wata takarda guda mai sa hannun ɓangarori biyu ba. Abin da ke tsakaninsa da Ingila wasiƙu ne guda goma da suka yi musaya da Henry McMahon, wakilin Ingila a Alƙahira, daga watan Yuli na 1915 zuwa Maris na 1916, kuma babu taswira ko ɗaya da aka haɗa da su. A wasiƙar farko Sharif ya nemi a amince da 'yancin Larabawa tun daga Mersin da Adana a arewa har zuwa tekun kudu, ban da Adan, iyakokin da ƙungiyoyin sirri na Dimashƙa suka miƙa wa ɗansa Faisal. Da farko McMahon ya yi ta kewaye-kewaye yana cewa lokacin maganar iyaka bai yi ba. Sai a ranar 24 ga Oktoba 1915 ya amsa, a daidai lokacin da sojojin Ingila ke shan kashi a Gallipoli, kuma London na tsoron kiran jihadin da aka yi a Istanbul a Nuwamba 1914 ya kama a tsakanin Musulmin Indiya da Masar. Suna bukatar jikan Manzon Allah, mai riƙe da Makka, ya ƙi mara wa wannan kira baya, kuma wannan bukata ce ta sa bakinsu ya yi zaƙi.

A wannan wasiƙa ta Oktoba ne ƙullin yake. McMahon ya ce Ingila ta yarda, amma ya cire Mersin da Iskandaruna, ya kuma cire sassan Sham da ke yamma da yankunan Dimashƙa da Homs da Hama da Halab, sannan ya ƙara da cewa alkawarin ya tsaya ne a inda Ingila ke da ikon yin magana ba tare da ta cutar da ƙawarta Faransa ba. Duk shekara ina shimfiɗa taswira a kan tebur, in sa ɗalibi ya ɗora yatsa a kan waɗannan garuruwa huɗu, ya ja shi zuwa yamma har bakin teku. Yatsan yana faɗawa ne a kan Lebanon da gaɓar Siriya, ba ya kusantar Ƙudus, domin Falasɗinu tana can kudu. Amma a 1922 gwamnatin Ingila ta ce abin da ake nufi shi ne wilayar Dimashƙa baki ɗayanta, wato babban lardinta, wadda ta miƙe kudu ta gabashin Kogin Urdun, don haka Falasɗinu tana yamma da ita, ba ta cikin alkawari. Ni wannan fassara ba ta gamsar da ni, saboda a tsarin mulkin Usmaniyya babu wilayar Homs kuma babu ta Hama, garuruwa ne kawai a ƙarƙashin wata wilaya, kuma ba zai yiwu kalma ɗaya a jimla ɗaya ta zama babbar wilaya ga Dimashƙa ta koma ƙaramin yanki ga Homs ba. Gwamnatin Ingila ba ta ma buga wasiƙun a hukumance ba sai 1939.

Sai dai adalci ya sa in ce shi ma Sharif ya ga ramin da idonsa. Ya ƙi yarda a cire Halab da Beirut, amma a wasiƙarsa ta 1 ga Janairu 1916 ya amince a jingine maganar sai bayan yaƙi. Wannan cinikin biri a sama ne. Ya ba da abin da ke hannunsa nan take, wato tawaye da sunansa da martabar gidansa, ya karɓi abin da za a yi shawararsa daga baya, lokacin da mai sayen ba zai ƙara bukatarsa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa Ingila ba da baki ɗaya take magana ba. Ofishinta na Alƙahira yana lallashin Sharif, ita kuwa gwamnatin Ingila ta Indiya, wadda ke kula da Tekun Fasha, tana ƙulla nata. A Nuwamba 1914 an yi wa Shehu Mubarak na Kuwait alkawarin amincewa da ƙasarsa a ƙarƙashin kariyar Ingila, a Afrilu 1915 an ƙulla da Sayyid Muhammad al-Idrisi na Asir, a Nuwamba 1916 kuma da Shehu Abdullahi bin Jasim na Ƙatar. Wadda ta fi duka nauyi ita ce ta Darin, a tsibirin Tarut kusa da Ƙadif, wadda Percy Cox, wakilin Ingila a Tekun Fasha, da Abdul'aziz Ibn Sa'ud, mai mulkin Najad, suka sa wa hannu a ranar 26 ga Disamba 1915, wata biyu kacal bayan wasiƙar McMahon. Wannan kam yarjejeniya ce ta gaske mai sharuɗɗa a jere. Ingila ta amince Najad da al-Ahsa da Ƙadif da Jubail na Ibn Sa'ud ne da zuriyarsa, shi kuma ya yarda ba zai yi hulɗa da wata ƙasar waje ba, ba zai ba da wani yanki na ƙasarsa ba sai da yardar Ingila, kuma ba zai taɓa Kuwait da Bahrain da Ƙatar da masarautun gaɓar Oman ba. Ka lura da kyau, a jerin wuraren da aka hana shi taɓawa babu Hijaz.

A gefe guda kuma Mark Sykes na Ingila da François Georges-Picot na Faransa suna raba Sham da Iraƙi tsakanin Ingila da Faransa, aka kammala a Mayu 1916, wato kafin Sharif ya harba bindigar tawaye a Makka ranar 10 ga Yuni. Asirin bai tonu ba sai da 'yan juyin juya halin Rasha suka buga takardun a Nuwamba 1917, watan da Balfour, ministan harkokin wajen Ingila, ya yi wa Yahudawa nasa alkawarin a kan Falasɗinu. Turkawa sun yi maza sun aika wa Faisal labarin don su janye shi, Ingila kuwa ta aiko da romon baka, Sharif ya ci gaba da yaƙi. A lokacin yana karɓar aƙalla fam 125,000 na zinariya daga Ingila kowane wata, da shi yake riƙe ƙabilun da ke yi masa yaƙi, kuma wanda albashin rundunarsa ke hannun wani ba shi da bakin yin fushi. Ibn Sa'ud kuwa fam 5,000 kawai ake ba shi, amma mayaƙansa nasa ne, ba zinariyar kowa ce ta tara su ba.

Lokacin da na je Madina na ziyarci tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya, na tsaya kusa da kan jirgin da aka ajiye a wurin, baƙi ƙirin da shi, na dubi ginin duwatsu da Turkawa suka bari. Wannan ne layin dogon da mayaƙan Sharif suka yi ta fasawa, kuma a wannan birni Fakhri Pasha, kwamandan sojojin Turkawa, ya ƙi miƙa wuya har Janairu 1919, bayan an kwashe mutanen Madina da yawa zuwa Sham saboda yunwa. Abin da ya dame ni a wurin shi ne tunanin cewa maƙwabtan Manzon Allah ne suka biya kuɗin wannan ciniki da cikinsu da gidajensu, alhali ba a tambaye su komai ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Da Sharif ya kira kansa sarkin ƙasashen Larabawa a ƙarshen 1916, Ingila da Faransa suka ce sarkin Hijaz kaɗai suka sani. A Mayu 1919 mayaƙan Ibn Sa'ud da ake kira Ikhwan suka tarwatsa rundunar Abdullahi ɗan Sharif a Turaba. A taron San Remo na Afrilu 1920 aka ba Faransa Siriya da Lebanon, Ingila ta ɗauki Iraƙi da Falasɗinu, kuma a Yuli na wannan shekara Faransawa suka ci yaƙin Maisalun suka kori Faisal daga Dimashƙa. A 1921 aka turo Lawrence, jami'in Ingila da ya yi yaƙin tawayen tare da Faisal, zuwa Jidda da rubutacciyar yarjejeniya, irin wadda Sharif bai samu ba a lokacin yaƙi, amma da sharaɗin ya amince da mulkin Ingila a Falasɗinu. Tsohon ya ƙi sa hannu, kuma duk kurakuran da nake gani a tare da shi, wannan ƙin ina girmama shi a kansa, domin ya san abin da zai jawo masa.

An ci moriyar ganga, aka ya da kwaurenta. Tallafin ya tsaya, kuma lokacin da dakarun Ibn Sa'ud suka shiga Ɗa'if a Satumba 1924, Ingila ta ce rikicin addini ne tsakanin Musulmi, ba za ta sa baki ba. Sharif ya sauka daga mulki a Oktoba, ya koma Aƙaba, daga nan Turawan suka ɗauke shi zuwa tsibirin Kubrus a 1925. A Mayu 1927 Ingila ta soke yarjejeniyar Darin ta maye gurbinta da ta Jidda, inda ta amince da cikakken 'yancin Ibn Sa'ud a matsayin sarkin Hijaz da Najad. Sharif Husaini ya rasu a Amman a 1931, aka kai shi Ƙudus aka binne shi a gefen harabar Masallacin Aƙsa. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a wannan fitina, Ya gafarta mana baki ɗaya.